Ƴan Tsokaci a Kan Littattafanmu na Koyon Karatu, Bisa Abin da Na Gani Wajen Koya wa Wata Yarinya

A ƙarshen damanar da ta wuce aka kawo mini ɗiyar yayata daga wani ƙauye na ƙasar Gobir, yamma da Maraɗi, don ta zauna hannunmu a Yamai ta shiga lakwal. Shekarunta shida da ƴan watanni, ba ta jin kowane harshe sai Hausa, ta kuma ɗan taɓa makarantar allo a gida. Aka sa ta aji na farko, inda ake koyarwa da Faransanci. Bayan wata uku sai na buɗe littafinta na ce ta karanta mini. Ta rattabo shafin tun daga sama har ƙasa ba gargada, da irin muryar nan ta ƴan lakwal mai kama da waƙa. Na rufe hoton da ke kan shafin da tafin hannuna, na nuna mata wata kalma a tsakiyar layi na uku, sai ta yi shiru, sa'an nan ta koma farkon shafi ta sake ɗaukowa. Ashe hadda ce. A ranar na yanke shawara in koya mata karatu da kaina, cikin harshen da take ji, kullum bayan la'asar na kamar minti ashirin, da ardwaz da alli da wani littafin koyon karatun Hausa da na samu. Ba zan faɗi sunan littafin ba, domin laifuffukan da zan ambata na tarar da su a wasu littattafan ma, kuma mu masana harshe muna da kaso a cikinsu.

Tun da farko ya kamata mai karatu ya san iyakar wannan rubutu. Yarinya ɗaya ce, malami ɗaya, a kan tabarma ɗaya, ba ajin da ya cika maƙil da yara ba. Amma wanda ya zauna gefen yaro guda yana ganin daidai wurin da idon yaron ya tsaya, abin da mai tsara manhaja a ofis ba ya samun gani.

Mu da muka yi karatu cikin Faransanci mun gaji wata tsohuwar gardama, watau ko a fara koya wa yaro kalma ɗungurungum, hanyar da ake dangantawa da Ovide Decroly na ƙasar Beljiyam, ko a fara da baƙaƙe da gaɓoɓi, irin hanyar Mamadou et Bineta da iyayenmu suka sha. Bincike ya daɗe da karkata ga hanya ta biyu. Rahoton da wani kwamitin ƙasa na Amurka ya fitar a 2000, da littafin Stanislas Dehaene na 2007 a kan yadda ƙwaƙwalwa ke karatu, duk sun nuna cewa yaro yana bukatar a koya masa dangantakar harafi da sauti a fili, daki-daki. Ga Hausa kuwa gardamar ba ta da wurin zama tun asali, domin gaɓar Hausa siga uku kawai gare ta: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Harshen da gaɓarsa ke da tsari haka, gaɓa ce ƙofar karatunsa. Littafin da na yi aiki da shi ya gane wannan, kuma na yaba masa. Inda muka rabu shi ne yadda ya bi da gaɓar.

Kowane darasi yana buɗewa da jerin nan na ba be bi bo bu, kullum a tsari guda. Cikin kwana biyu yarinyar ta mayar da shi waƙa. Na rubuta mata bu bi ba a kan ardwaz, ta dube shi ta ce ba be bi bo bu. Jeri mai tsari ɗaya kunne yake horarwa, ido kuwa yana hutawa. Sai da na yanka kwali ƙanana, kowane da gaɓa ɗaya, ina cakuɗa su kamar karta, sa'an nan ta fara duban abin da ke gabanta. A nan na tuna da binciken José Morais da abokan aikinsa na 1979, wanda suka yi da manyan mutane a ƙasar Fotugal waɗanda ba su yi karatu ba. Sun tarar cewa waɗannan mutane suna shan wuya wajen cire sauti ɗaya daga farkon kalma, alhali ƴan'uwansu da suka koyi karatu da girma suna yi. Ma'ana, sanin cewa ba sauti biyu ne a haɗe ba ya zuwa da kansa, koyon haruffa ne ke kawo shi. Abin mamaki, yarinyar ta riga ta zo da rabin wannan sani daga makarantar allo, inda ake fara babbaƙu, a bi da farfaru, sa'an nan a haɗa. Ta san cewa baƙi yana tsaye ne sai wasali ya hau shi ya ba shi murya. Da na ce mata a ɗin nan ta boko ita ce wasali bisa, i kuma wasali ƙasa, sai fuskarta ta washe. Littafin bai ce uffan a kan wannan ba, kamar yaran ƙasar Hausa suna zuwa lakwal ne ba su taɓa ganin harafi ba.

Tsarin haruffan ma aro ne. An fara da wasula biyar zalla, shafi bayan shafi, an ba kowane rabo daidai, yadda littattafan Faransanci ke yi. Amma duk wanda ya dubi shafin Hausa ya san a ta rinjayi sauran nesa ba kusa ba, i da u na biye, e da o kuwa kaɗan ne, kuma a tsakiyar kalma cikin buɗaɗɗiyar gaɓa kusan kullum dogaye ne. Don a cika shafin e sai da marubucin ya nemo teku, abin da yarinyar Gobir ba ta taɓa gani ba, ba ta ma taɓa jin sunansa ba. Da a da i da u da baƙaƙe shida ko bakwai, irin su k, n, m, r, w, t, yaro yana iya karanta rana, nama, ruwa, wuta, kaka, kuka tun a makon farko, har ya haɗa jimla mai ma'ana. Haka na yi, na tsallake shafuffuka, kuma ranar da ta karanta jimlarta ta farko da kanta ta ruga madafa ta karanta wa matata sau uku.

Gaɓa rufaffiya kuwa an tura ta can ƙarshen littafi kamar wani abu baƙo. Sakamakon haka, tun da waƙar ba be bi ta koya mata cewa kowane baƙi da wasalinsa, sai ta riƙa cusa wasali inda babu: sarki ya zama sariki, malam ya zama malama, wanda wata kalma ce dabam. Baƙi mai ninki ya fi ba ta wahala, kuma a nan lakwal ce ta ƙara dagula lamarin, domin a Faransanci ninka baƙi yawanci ba ya canja furuci, an kuwa gaya mata haka. A Hausa ninki yana rarrabe ma'ana: baba da babba, mana da manna. Ba za a iya rubuta jimla uku na Hausar yau da kullum ba tare da hannu ko kunne ko babba ko sannu sun shigo ba, saboda haka jinkirta su jinkirta karatun gaske ne.

Sai batun baƙaƙe masu lanƙwasa. Tun da aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko a shekarun 1930, mu masana muna alfahari da su, kuma da gaskiyarmu, domin su ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, daidai da ɗaiɗai. Kunnen yarinyar bai taɓa rikita waɗannan sautuka ba ko sau ɗaya. Idonta ne ya sha wuya. An san cewa ƙananan yara a ko'ina suna rikita b da d, domin ƙwaƙwalwa ta saba ɗaukar abu da juyinsa a matsayin abu guda: ƙwarya ƙwarya ce, ko ta fuskanci dama ko hagu, sai a rubutu ne kawai juyin ke canja suna. Yaron Faransa b da d da p da q ke damunsa. Yaronmu kuwa an ƙara masa ɓ da ɗ, watau sanda da tulu iri huɗu, bambancinsu gefe da ɗan lanƙwasa a sama. Littafin ya kawo b da ɓ a shafi biyu masu fuskantar juna, d da ɗ kuma nan da nan a bayansu. Wannan tsari na masanin sauti ne, wanda ke son ya jera abubuwa masu kama da juna. Malamin yara akasin haka yake bukata. Na raba su da mako biyu-biyu, na sa ta zana kowane da yatsa a cikin rairayi tana furta shi, na ɗaure kowane da kalma ɗaya da ta sani, ɓera da ɗaki. Zan ƙara da cewa kwafin da ke hannuna an sha gurza shi a injin kwafi har lanƙwasar ta zama ɗigon tawada. Duk mai shirin buga littafin ajin farko ya zaɓi haruffa manya masu lanƙwasa a fili, tun kafin ya yi tunanin launin bango.

Yanzu na zo ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Mun saba cewa rubutun Hausa a fili yake, yadda aka rubuta haka ake karantawa, muna kuma kafa hujja da binciken Philip Seymour da abokansa na 2003, wanda ya gwada yaran Turai a ƙarshen shekararsu ta farko. Yaran da ke koyon harsuna masu rubutu bayyananne, irin su Italiyanci da Sifaniyanci da harshen Finlan, sun karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin daidai, masu Faransanci wajen kashi 79, masu Ingilishi kuwa kashi 34 kacal. Muna sa Hausa a rukunin farko. Wajen baƙaƙe hakan gaskiya ne. Wajen wasula rabin gaskiya ne, domin harafi biyar muke rubutawa alhali wasali goma muke furtawa, biyar gajeru biyar dogaye, ban da tagwai, karin sauti kuma ba ma nuna shi sam.

Wata rana na rubuta gari a kan ardwaz. Ta haɗa gaɓoɓin daidai, sa'an nan ta ɗago kai ta ce, “Kawu, garin tuwo na, ko garinmu?” Ba ni da amsar da ke cikin rubutun, domin bambancinsu tsawon wasalin farko ne, shi kuwa ba a rubuta shi. Haka fara: kaza fara, fara mai cin hatsi, da fara aiki. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Babban mai karatu ba ya ko lura, domin idonsa yana riga bakinsa, ya hango ƙarshen jimla ya dawo ya ba kalmar muryarta. Mai koyo ba shi da wannan dama. Yana tafe gaɓa-gaɓa, duk hankalinsa na kan haɗa sauti, sai ya furta kalmar da kari marar kyau, ya ji abin da ya fito daga bakinsa ba Hausa ba ne, ya ɗauka shi ne ya yi kuskure. Wurin da ya fi muni shi ne wakilan suna, domin suna cikin kusan kowace jimla. Idan aka rubuta na ce ya zo, ana iya nufin ya riga ya iso, ana kuma iya nufin umurni ne na bayar. Dogon wasali mai kari sama ne a na farko, gajere mai kari ƙasa a na biyu, rubutun kuwa ɗaya.

Wannan matsala tana da tarihi a ƙasar nan. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya ba da shawarar a riƙa ninka dogon wasali, Nijar ta bi, har sunan jaridar karkara Saabon Ra'ayii shaida ne. Nijeriya ba ta bi ba. Taron Yamai na watan Janairu 1980 ya nemi daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali, dokar 1981 ta tabbatar da haka, ta 1999 kuma ba ta dawo da shi ba. Ba na cikin masu cewa a koma baya. Rubutu ɗaya tsakanin Damagaram da Kano, tsakanin Tawa da Sakkwato, riba ce da ba za a sayar ba, kuma ninka wasali yana tsawaita kalma ya canja kamanninta. Amma waɗanda suka zauna a waɗannan tarurruka babban mai karatu suka sa a gaba, da mai buga jarida. Ɗan shekara shida bai samu wakili ba.

Wasu al'ummomi sun raba rubutun mai koyo da na gwani ba tare da sun taɓa ƙa'idarsu ba. Larabawa suna sa wasula a littattafan yara su cire su a jarida, Yahudawa haka suke yi da Ibrananci, Rashawa kuma suna sa alamar nauyin gaɓa a littafin mai koyo. Ajaminmu ma yana nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya. Na gwada abu mai sauƙi: na ɗauki fensir na ja ɗan layi a kan dogon wasali, yadda ƙamus na Abraham na 1949 ya yi, amma a wakilan suna kawai da kalmomin da ke iya rikicewa. Tsayawarta ta ragu a fili, muryarta ta fara kama da ta mai magana. Bayan wata biyu na daina ja, ba ta ko tambaya ba. Na san abin da za a ce: layin ƙarin kaya ne a kan shafin da lanƙwasa ta riga ta cika, malamai da yawa ba su iya tantance tsawon wasali a rubuce ba, kuma cire alamar daga baya yana iya zama wani sabon tuntuɓe ga yaron da ba shi da kawu a gefe. Duk hujjoji ne masu nauyi. Abin da nake nema shi ne a gwada, a ɗauki azuzuwa masu kama da juna, wasu da littafi mai alama wasu da marar alama, a auna saurin karatu da fahimta a ƙarshen shekara ta farko da ta biyu. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, muke koyar da yara cikin Hausa, wannan tambaya kuwa ba ta fi ƙarfinmu ba.

Akwai kuskuren da ni na yi, kuma ya fi na littafin tsada. An rubuta kifi, ta karanta kihi. Na ce ta sake. Ta sake cewa kihi. Na nuna mata harafin na ce f ne, na matsa mata har ta furta shi yadda nake so, ta kuwa furta shi kamar kalmar wani harshe. Kashegari ta ce kanta na ciwo, haka kwana uku. Sai daga baya na gane abin da na aikata. Yarinyar ta ga haruffa, ta haɗa su, ta gano kalmar, ta fito da ita cikin Gobirancin da ta tashi da shi, inda ake cewa tahi da hita da hwari. Wannan shi ne karatu cikakke, ni kuwa na hukunta ta a kansa. Ƙa'idar rubutu ta daidaita harafi, ba ta ce kowa ya koma Bakano ba. Harafin f a bakin Bagobiri ko Ba'adare yana da furucinsa, kuma ya kamata jagoran malami ya faɗi haka ɓaro-ɓaro: a karatu a karɓi furucin yankin, a rubutu ne za a nuna wa yaro, sannu a hankali, cewa abin da yake furtawa hita ana rubuta shi fita. Littafin bai ambaci karin harshe ko sau ɗaya ba, alhali yara masu yawa a jihohin Maraɗi da Tawa da Doso da irin wannan furuci suke zuwa aji.

Karo da Faransanci kuwa bai kai yadda na ji tsoro ba, ya tsaya a wurare ƙalilan da za a iya lissafawa. Ta karanta ci a matsayin si, ta rubuta touwo da ou, ta yi jinkiri tsakanin sh da ch, ta kuma ɗan rikita u. Harafin j bai dame ta ba, domin furucinsa a yankinsu ya yi kusa da na Faransanci. Darasi huɗu ko biyar da aka shirya musamman sun isa su warware wannan. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, da ta gane sirrin haɗa baƙi da wasali a Hausa, sai ta ɗauke shi ta kai lakwal, ta daina haddar shafi ta fara tone kalmomin Faransanci da kanta, ko da yake sau da yawa ba ta san ma'anarsu ba. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin karatu mai gamsarwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Dokar ilimi ta 1998 ta riga ta buɗe wa harsunan ƙasa ƙofar aji, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 kuma ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Matsayi a takarda zai jawo bukatar littattafai masu yawa cikin gaggawa, kuma tsorona shi ne a ɗauko irin wanda ke hannuna a sake buga shi dubu-dubu yadda yake.

Da muka gama littafin sai wata matsala ta taso wadda ban shirya mata ba: ba abin da za ta karanta. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya yi mata nisa, jimlolinsa dogaye, kalmominsa na manya. Littattafan yaƙi da jahilci da na samu maganar taki da rigakafi da bashin ƙungiyar manoma suke yi. Tsakanin shafin ƙarshe na littafin koyo da littafin adabi na farko akwai rami, kuma a cikinsa ne yaro ke mance abin da ya koya. Dabarar da na yi ita ce na sa ta ba ni tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da kakarta ke yi musu, ina rubutawa da manyan haruffa a kaye, jimla gajera a kowane layi, kashegari ta karanta mini abin da ta faɗa jiya. Inda na gyara mata magana zuwa daidaitacciyar Hausa takan tsaya ta ce, “Kawu, ba haka nic ce ba.” Mun cika kaye biyu. Da hutu ya zo ta tafi da su ƙauye, kuma yayata ta aiko mini cewa da dare yaran gidan kan kewaye ta da fitila tana karanta musu, ƙanenta mai shekara biyar kuma ya fara tambayar ta sunan haruffan.